Yadda ake koya wa ƙaramin yaro Turanci da wasannin waya: baki kafin yatsa

Akwai wani irin yaro da ya yi yawa yanzu a ajin nazare da aji ɗaya na firamare. A waya gwani ne. Ya tara taurari, ya tsallake mataki bayan mataki a wasan koyon Turanci, uwarsa har nuna wa 'yan'uwa take yi a gidan suna. Amma ka ɗaga masa cokali ka tambaye shi sunansa da Turanci, sai ya tsaya yana kallon bakinka. Ba daƙiƙi ba ne. Abin da wasan ya nema a wurinsa shi ya koya, wato dannawa, kuma ya ƙware a kanta.

Wannan bayani na iyaye ne da masu koyar da lesin a gida, waɗanda ke da waya ɗaya da yaro mai shekara 3 zuwa 7 da ya tashi da Hausa a bakinsa. Ba zan tsaya kan yadda ake shiga Play Store ba. Wanda ya iya sauke WhatsApp ya iya sauke sauran.

Ku fara da gyara wayar

Kafin yaro ya taɓa ta, ku shiga Settings ku nemo abin da ake kira App pinning ko Screen pinning. A yawancin wayoyin Android yana ƙarƙashin Security, ko da yake Tecno da Infinix da itel kowacce da inda ta ɓoye nata, don haka ku rubuta sunan a wurin bincike na Settings ɗin ya fi sauri. A iPhone sunansa Guided Access. Aikinsa shi ne ya kulle yaro a cikin manhaja ɗaya. In ba ku yi wannan ba, kuna juya baya ya fice zuwa TikTok, ko ya kira wa kawunsa bidiyo.

Na biyu, ku cire katin banki daga Play Store, ko ku sa a riƙa neman kalmar sirri a kowace siyayya. Manhajoji da yawa suna ba da gwajin 'yan kwanaki kyauta, ranar da kwanakin suka cika sai su cire kuɗi ba sallama. Na san wata uwa da sai da ta ga alat na wata na uku sannan ta gane inda kuɗinta ke zurarewa.

Na uku, ku sauke duk abin da za ku buƙata tun da wuri, a inda akwai wayfai ko da datar dare mai sauƙi, sannan lokacin darasi ku kashe data gaba ɗaya. Talla ba za ta shigo ba, saƙonnin gurup ɗin makaranta da na dangi ma ba za su riƙa faɗowa a kan hoton da yaro ke kallo ba.

Ban yarda da iyafis ga yaro ba sam. Dole ku ji abin da yake ji. In lasifikar wayar ta shaƙe, ɗan MP na bulutut ya wadatar. Kuma kada ku kashe kuɗi a kan allunan yara masu launi-launi da ake talla da cewa an cika su da darussa. Tsohuwar wayar da kuka ajiye, in dai batirinta na riƙe caji, ta fi su aiki, kuma kun san abin da ke cikinta.

Batun lokaci: Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2019 ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba a raba shi da zaman kallon waya da talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ya fi. Ni a wurina darasin minti 15 ne zuwa 20, sau ɗaya a rana. Yaran da ke zuwa Islamiyya da yamma, bayan magariba ya fi musu, kafin tuwo ya sauka barci ya kama ido.

Manhaja biyu, ba goma ba

Ga abin da yawancin iyaye ba sa lura da shi. Mafi shahara a cikin waɗannan wasanni ba don koyar da Turanci aka ƙera su ba. Don koyar da karatu aka yi su, ga yaron Ingila ko Amurka da ya riga ya iya magana da Turanci tun a goye. Starfall, da aka buɗe tun 2002, da Duolingo ABC, da ya fito a 2020, da Teach Your Monster to Read duk haka suke. Idan suka nuna wa ɗan Landan haruffa uku ya harhaɗa suka ba shi cat, ya san kyanwa ake nufi, murna yake yi ya gano tsohuwar kalma a rubuce. Ɗan Fagge ko ɗan Tudun Wada zai iya harhaɗa sautin tsaf, ya fito da wata ƙara da ba ta nufin komai a wurinsa. Kayan suna da kyau, lokacinsu ne bai yi ba. Ku ajiye su zuwa gaba.

A watannin farko abin da ake so shi ne abin da zai cika kunne da kalmomi masu hoto a gefe. Shafin LearnEnglish Kids na British Council kyauta ne, an yi shi ne musamman don yaran da Turanci ba harshensu ba ne, yana da gajerun labarai da waƙoƙi da wasannin kalmomi da takardun da ake iya bugawa. Matsalarsa sai da data. Khan Academy Kids, da ta fito a 2018 don yara masu shekara 2 zuwa 8, kyauta ce, ba talla, kuma a ɗakin littattafanta akwai sashen da ke aiki ba intanet. Tana da nauyi, kada ku sauke ta da datar rana. Akwai kuma shirin Akili and Me na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya, wanda aka tsara don yaran Afirka masu shiga Turanci daga wani harshe. In za ku yi amfani da YouTube Kids don kallon irin wannan, ku zaɓi tsarin da ba ya nuna komai sai tashoshin da kuka amince da su da hannunku, ku kunna agogonsa.

Ku zaɓi biyu ku tsaya a kansu. Yaron da ke da wasanni takwas a waya ba ya gama ko ɗaya, da ya ji wuya a nan sai ya tsallaka can.

Kafin ku bar wa yaro kowane wasa, ku yi masa gwaji ɗaya. Ku kashe sautin wayar ɗungurungum ku buga shi da kanku. In kuka iya cin wasan ba tare da kun ji ko kalma ɗaya ba, ta hanyar haɗa launi da launi ko jan hoto zuwa inuwarsa, to wasan ba Turanci yake koyarwa ba, ku goge shi. Wannan zaman gwajin shi ne kuma damarku ta ganin abin da ke ciki. Kayan Turawa ne, za ku ci karo da bukukuwansu da kiɗe-kiɗensu, kowane gida ya san abin da zai bari da wanda zai tsallake.

Kunne da jiki tukuna

Makonnin farko kada ku matsa wa yaro ya yi magana. Yara da yawa sukan yi shiru na wani lokaci suna tara harshe a ciki, ba taurin kai ba ne. Abin da za ku nema a wurinsa shi ne ya nuna ya gane, da jikinsa. Wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Asher, shi ya tsara wannan hanya tun shekarun 1960: a ba da umarni da sabon harshe, mai koyo ya amsa da motsi. Ku kalli ɗan bidiyon da ke koyar da gaɓoɓin jiki ko aikatau, minti uku ko huɗu, sannan ku kifa wayar. Ku ce stand up, ku miƙe tare. Sit down. Touch your nose. Jump. Bring the cup. Ku yi tare da shi sau da yawa, sannan ku daina motsi ku bar shi ya yi shi kaɗai. Ranar da kuka ce touch your ear kuna taɓa hancinku da gangan, shi kuma ya kama kunnensa yana muku dariya, ya gane ke nan.

Ku yi bayani da Hausa duk inda ya kakare. Masu cewa a hana yaro Hausa a gida don Turancinsa ya nuna, ban ga ribar da suka ci ba, sai yaran da ba su da tsayayyen harshe ko ɗaya. Da Hausar zai fahimci abin da ake so ya yi.

Baki kafin yatsa

Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, don haka zan daɗe a nan.

Dubi yadda wasan kalmomi yake. Waya ta ce dog, ta nuna hotuna huɗu. Yaro ya danna na farko, ba shi ba ne, wayar ta ɗan girgiza hoton. Ya danna na biyu, ba shi ba. Ya danna na uku, sai tafi da taurari. Masu ƙera wasan da gangan suka hana shi hukunta kuskure, don kada yaro ya karaya, kuma suna da gaskiyarsu. Amma yaro ya fi su wayo. Cikin kwana kaɗan ya gano cewa ba sai ya saurara ba, in ya bi hotunan da sauri ɗaya bayan ɗaya tauraron zai zo. Wani kuma wurin hoton yake haddacewa, ya san kare a kusurwar hagu yake. Wani fuskarku yake karantawa, yatsansa na shawagi a kan hotunan yana jiran girarku ta motsa. In akwai yayarsa a kusa, ita ce mai raɗa amsa. A duk wannan, bakinsa bai buɗe ko sau ɗaya ba, domin wasan bai taɓa neman ya buɗe ba. Yawancin waɗannan manhajoji ba sa sauraron yaro, yatsansa kawai suke gani.

Ko da yaron ya saurara da gaske ya zaɓi daidai, rabin aiki aka yi. Gane kalma in an faɗa daban, ciro ta daga kai a furta ta daban. Duk wanda ke jin Fulatanci ko Yarabanci sama-sama amma ba ya iya mayarwa ya san wannan.

Ga yadda za ku yi. Wayar a hannunku take, ba a hannunsa ba. Wannan ba abin tattaunawa ba ne. Ku zauna gefe da gefe a tabarma, ku riƙe ta nesa kaɗan da inda hannunsa zai kai. Waya ta faɗi kalma. Yaro ya maimaita da ƙarfi, yadda wanda ke bakin ƙofa zai ji. Sannan ya nuna hoton da yatsa daga nesa, ba tare da ya taɓa ba. Sai a lokacin ku miƙa masa ya danna, dannawa ɗaya. In ya nuna ba daidai ba, kada ku ce a'a, kada ku ɓata fuska, ku sake kunna muryar kawai ya ƙara ji. In ya sake kuskurewa, ku faɗa masa ma'anar da Hausa, ku wuce, gobe za ta dawo.

Da ya ci, kafin wasan ya tsallaka, ku juya tambayar. Ku ɗora yatsanku a kan hoton ku ce what is this? Yanzu ba murya a gabansa da zai kwaikwaya, dole ya ciro kalmar da kansa. Ku ba shi lokaci. Iyaye ba sa iya jure shirun yaro, daƙiƙa biyu sun cika masa amsa. Ku ƙirga har biyar a zuci. In ba ta zo ba, ku ba shi sautin farko kaɗai, ba kalmar duka ba.

Wannan tsari zai rage gudun wasan ƙwarai. Abin da yaro ke cinyewa a minti biyu zai ɗauki minti goma. Haka ake so. Kalma huɗu ko biyar sababbi a zama ɗaya sun isa, kuma ku fi karkata ga waɗanda ke cikin gidanku: cup, spoon, door, shoe, water, goat, mat. Idan wasan ya kawo dusar ƙanƙara da wasu 'ya'yan itatuwan da yaro bai taɓa gani ba, ku bar shi ya wuce su, kada ku tsaya haƙilo a kansu.

Minti biyar na ƙarshe wayar ta koma aljihu. Ku tashi ku bi kalmomin a tsakar gida. Show me the door. What is this? Ku ɗora cokali da kofi da takalmi a faranti, ku ce ya rufe ido, ku ɗauke ɗaya, ya faɗi wanda ya ɓace. Kashegari kuma, kafin a kunna waya, da waɗannan kayan za a fara. Abin da ya iya faɗa yau ba waya a gabansa, daga darasin jiya, shi ne abin da ya iya. Taurarin da ke cikin manhaja kada ku ma duba su.

Za a yi kuka. Yaron da ya saba a miƙa masa waya a tafi, ranar da kuka riƙe ta zai yi birgima. Ku yi yarjejeniya tun kafin a fara: in an gama darasi yana da minti biyar nasa na kansa, ya danna abin da ya ga dama a cikin manhajar, agogo na bugawa a karɓe. Ku cika alkawarin a duka ɓangarorin biyu. Rigimar ba ta cika daɗewa ba in ya ga ba ku canzawa. Abin da ke lalata tsarin shi ne ranar da kuka yi baƙi ko girki ya tsaya, kuka miƙa masa wayar don ya yi shiru. A irin wannan rana gara a fasa darasin, a ba shi wani abin wasan.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko kwabo. Ku bar shi ya ɗauki muryarsa a saƙon murya na WhatsApp, ya faɗi kalmominsa na yau ya tura wa babansa ko gwaggonsa, su kuma su amso masa. Yara suna son jin muryarsu, za su sake ɗauka sau uku don ta fito da kyau, kuma kowace sakewa maimaici ne. Bayan wata biyu ku saurari na farkon, a nan za ku ji ci gaban da ido ba ya gani kullum.

Wata uwa za ta ce, ni da Turancin nawa bai taka kara ya karya ba fa? Ba a ce ki zama Baturiya ba, Hajiya. Lafazin na wayar ne. Aikinki riƙe waya, da tabbatar da bakin ya buɗe, da tambayoyi biyu ko uku da za ki haddace yau ɗin nan. Ki maimaita tare da shi. In ya gyara miki, ki karɓa da fara'a, babu abin da ke sa yaro riƙe kalma irin ya ga ya fi babba iya ta.

Daga kalma ɗaya sai a miƙa zuwa biyu da uku: red cup, my shoe, I want water. Wasannin ba za su tura shi can ba sai kun tura shi. Duk kalmar da ta zauna, ku rataya mata wata.

Sautin harafi, ba sunansa ba

Idan yaro ya tara kalmomin da yake ji yake kuma faɗa, ya fara haɗa gajerun jimloli, sai a ɗauko wasannin karatun da muka ajiye. A makarantar allo ba a tsallake babbaƙu a faɗa farfaru, ba a kuma kai wa hajjatu sai an gama da su biyun. Turanci ma yana da nasa jerin, kuma rera A, B, C har zuwa Z ba shi ne matakin farko ba.

Haruffan Turanci 26 ne, sautukansa kuwa kusan 44. Sunan harafi ba ya taimakon mai haɗa baƙi, ga ɗan Hausa ma rikita shi yake yi: sunan E a Turanci yana fita kamar wasalinmu na i, sunan I kuma yana fita ai. Tsarin Jolly Phonics, wanda aka horar da malaman firamare da yawa a jihohinmu a kansa, yana koyar da sauti 42 a rukuni bakwai, kuma rukunin farko shi ne s, a, t, i, p, n. An zaɓe su ne don da su shida kaɗai yaro zai karanta sat, sit, pin, tap, pan, tin. Ko wace manhaja kuka ɗauka, ni wannan jerin nake bi, ina tsinto darasin kowane harafi a cikinta. Starfall ya dace da haka, sashen haruffansa kyauta ne kuma kana zaɓar harafin da kake so. Shirin Alphablocks na BBC, inda kowane harafi ke furta sautinsa su riƙe hannu su tada kalma, ya fi kowane bayani nuna wa yaro ma'anar haɗa baƙi. Teach Your Monster to Read kyauta ne a kwamfuta ta burauza, a waya kuma na kuɗi ne. Duolingo ABC kyauta ne, ba talla.

Babbar matsalar yaranmu a nan ita ce wasalin da suke liƙa wa kowane baƙi. Da ba, be, bi, bo, bu muka koyi karatu, kuma yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Sai yaro ya ce pa, i, na, ya haɗa ya rasa inda pin ta shiga. Manya ma haka suke yi, har da wasu antocin makarantun kuɗi. Maganinsa a fara da sautukan da ake iya ja, irin s da n da m, a ja su ba a yanke ba har su zube cikin wasali, sannan a rufe da baƙin ƙarshe a datse. Su t da p da k kuwa da raɗa ake yin su. Yaro ya ɗora hannu a maƙogwaronsa, in ya ji rawa to ya saka wasali, a sake.

Sai p da f. F ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, shi ya sa take cakuɗewa da p, pan da fan su zama abu ɗaya a bakin yaro. Wasan waya zai furta masa su daidai sau ɗari, amma ba zai taɓa sanin yaron bai bambance ba. Ku yago 'yar takarda ku riƙe a gaban bakinsa: a p leɓɓa suna rufewa ruf, iska ta fashe, takardar ta yi tsalle. A f haƙoran sama suna hawa leɓen ƙasa, iska ta zurara. Ku kunna kyamarar gaba ta wayar ya kalli bakinsa. V ma wurin f take, da murya kawai, in ba haka ba b za ta fito. Th kuwa ku ƙyale ta yanzu, ba yaƙin bana ba ne. Yaron da ke koyon karatun Hausa a lokaci guda, ku faɗa masa kai tsaye cewa c ɗin da ke cikin ci da ciki ba aikinta ɗaya da ta cat ba. Sau ɗaya ko biyu ake faɗa, yara ba sa ruɗewa da ƙa'ida biyu in an gaya musu biyu ne.

Khan Academy Kids da Starfall da Duolingo ABC lafazin Amurka suke yi, za su ce zee inda makarantunmu ke cewa zed, su rubuta color inda anti ke son colour. Ba abin tada hankali ba ne. Dokar nan dai tana nan: ya furta sautin, ya haɗa kalmar da baki, sannan ya danna. Ku ƙara da alli ko fensir, harafin da ya ja da yatsa a gilashi ya rubuta shi a takarda ranar.

Labarai

Da ya fara karanta gajerun kalmomi, ku sauke Read Along na Google. A Indiya aka fara shi a 2019 da sunan Bolo. Shi kam yana sauraro: yaro na karantawa da ƙarfi, wata 'yar tsana mai suna Diya tana bin sa, ta taimaka in ya tsaya. Yana aiki ba data in an riga an sauke labaran. Yana son wuri shiru, in janareta na ruri ko ƙanne na ihu sai ya riƙa kuskuren ji. Tabbatar da ko yaro ya fahimta kuwa naku ne: bayan kowane labari ya ba ku shi da Hausa.

African Storybook, na ƙungiyar Saide da ke Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya suna da littattafan yara kyauta masu hoto, an jera su mataki-mataki, kuma akwai na Hausa a ciki. In kuka samu labari ɗaya a harsunan biyu, ku karanta na Hausar yau, na Turancin gobe. Wanda yaro ya fi so ku kai shagon fotokofi a buga masa.

In aji kuke da shi

Kahoot, wasan tambaya da amsa na intanet, yana da daɗi amma yana son intanet mai ƙarfi da na'urori da yawa da yaran da suka iya karatu da sauri, ba na nazare ba ne. Shafin Wordwall ya fi, don malami na zuba kalmominsa na mako ya fitar da wasa, wasu ma a buga su a takarda, sai dai na kyauta wasanni kaɗan yake bari a ƙirƙira. Da waya ɗaya da MP, ku raba ajin layi-layi. Layi gaba ɗaya ya faɗi amsa, sannan ku zaɓi yaro ɗaya daga baya ya sake faɗa shi kaɗai, don a cikin amshi ne masu motsa baki ba sauti suke ɓuya. Shi ne zai fito ya danna. Maki a allo da alli.

Idan yaro ya kai yana karanta shafi mai layi biyu ko uku ya kuma ba da labarinsa, ku goge wasannin haruffan, ko yana so ko ba ya so, domin zai riƙa komawa cikinsu neman taurarin banza. Ku bar masa Read Along da littattafan, ku ƙara matakin labaran duk lokacin da kuka ji ya daina tuntuɓe.